Zargi Ba Katanga Ba Ne: Damagaram da Matasanta Ƴan Wasa Masu Ƙuncin Rai

Akwai wani ra'ayi da ya samu gindin zama tsakanin masu ilimin Damagaram, kuma wani abokin aikina, malami mai zurfin karatu da nake girmamawa, ya fi kowa iya tsara shi. A ganinsa, tsananin ƙyamar da jama'armu ke nuna wa wanda ya kashe kansa, da abin kunyar da ke bin gidansu bayan rasuwarsa, su ne katangar da ta tsare mu daga abin da ya addabi Turai da gabashin Asiya. Ya ce ranar da muka fara tausaya wa matashin da ya aikata haka, balle ɗan wasan da yara ke kallo suna kwaikwayo, to mun rushe katangar da hannunmu. Ina ganin malamin ya yi kuskure, kuma kuskure ne da ake biya da rayuka.

Ba mu da saɓani da shi a kan haramcin aikin. Aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta rufe wannan ƙofa. Ba mu da saɓani kuma a kan cewa zumunci da riƙo da addini suna kare mutum, magana ce da masana zamantakewa suka daɗe da yarda da ita (Durkheim 1897). Inda muka rabu shi ne a kan ko zargi da tsangwama suna cikin wannan kariya, ko kuwa kishiyarta ne da ya saje da ita.

Malamin ya gina hujjarsa kan cewa abin ba ya yawan faruwa a wurinmu. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2019 ya nuna mutum 703,000 ne suka kashe kansu a duniya, kashi 77 cikin ɗari a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kuma yankin Afirka ne ke kan gaba da mutum 11.2 cikin kowane 100,000, alhali matsakaicin duniya 9.0 ne. Wannan ƙiyasi ne na nahiya, ba na Damagaram (Zinder) ba, kuma ba zan ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba. Amma duk wanda ya zauna zaman makoki a unguwar Birni ko Zango ko Garin Malam ya san yadda muke yi. Ana binne mamaci cikin sa'o'i kaɗan. Babu likitan da ya duba gawa, babu takardar da aka rubuta sanadi. Idan baƙo ya tambaya, kawun yaron zai sunkuyar da kai ya ce gajeruwar rashin lafiya ce, na kusa su yi shiru, a shafa fatiha. A cikin gida uwar tana zaune kan tabarma, mata na shigowa ɗai-ɗai, kuma tana lura da waɗanda ba su zo ba. Al'ummar da ta koya wa kowane gida ya ɓoye irin wannan mutuwa ba ta da damar juyowa ta kafa hujja da cewa ba ta ganin ta. Shirun da malamin ke ɗauka alamar lafiya, zargin da yake karewa ne ya haife shi.

To me ya sa ƴan wasa? A duba tsarin kokowar ƙasa ta Nijar, wadda aka soma a Tawa a 1975 zamanin Seyni Kountché, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Jihohi takwas, kowace ta kawo ƴan kokowa goma: mutum 80 ke shiga fili, ɗaya ke fita da takobi da doki da miliyoyin sefa. Kafin a kai ga goman Damagaram, an riga an kayar da samari masu yawa a zaɓen ƙauyuka da gundumomi, cikin jihar da ƙidayar 2012 ta nuna ta fi kowace yawan jama'a a Nijar, da mutum sama da miliyan 3.5. Mai zuwa filin Langa-Langa kallo yana ganin wanda aka ɗaga sama, makaɗa na zuba masa kirari. Ba ya bin wanda ya sha kaye zuwa gida. Shi wannan, wataƙila mahaifinsa ya sayar da buhun gero aka yi masa layu da rubutu, garinsu kaf sun kasa kunne a rediyo, ga shi ya dawo da targaɗe a gwiwa da bashi a wuya, yara na bin sa da sunan wanda ya kayar da shi. Faɗuwar gaba asarar namiji, in ji masu iya magana, kuma da wannan karatu aka raine shi. Saboda haka ko barci ya ƙaurace masa wata guda, ba zai buɗe baki ba.

Akwai kuma waɗanda ko filin ba su kai ba. Fim ɗin Aïcha Macky mai suna Zinder, na 2021, ya nuna wa duniya samarin Kara-Kara, unguwar da aka daɗe ana ware ta saboda tarihin kutare, da ƙungiyoyinsu da ake kira palais, suna ɗaga ƙarfe babu aikin yi. Jiki ne kaɗai jarinsu. Taramol, wanda ake sha don a kashe ciwo da gajiya, ya shiga irin waɗannan da'irori a duk yankin Sahel, kuma mai son barin sa yana haɗuwa da ƙunci mai tsanani. Idan irin wannan yaro ya faɗa rami, jama'a sun riga sun tanadi hukunci: ɗan ƙwaya ne, ya ga abin da ya shuka.

A nan dole in taƙaita da'awata. Ban ce ƴan wasa sun fi sauran matasa kashe kansu ba. Wasa yana ba yaro abokai da tsari da dalilin tashi da asuba, kuma waɗannan kariya ce. Abin da hujja ta ba da damar faɗa shi ne wanda sanarwar masana ta Kwamitin Olamfik na Duniya ta tattara (Reardon da sauransu 2019): haɗarin lafiyar ƙwaƙwalwa yana taruwa ne a wasu gaɓoɓi sanannu, wato lokacin rauni, lokacin da ƙoƙari ya gaza, da lokacin barin wasa. A waɗannan gaɓoɓi ne daidai muke janye jiki daga yaro. Wannan kaɗai ya isa a yi magana.

Sai hujjar malamin ta addini, wadda ya fi dogara da ita. Ya kawo hadisan gargaɗi masu tsanani da ke cikin Bukhari da Muslim, ya kuma kawo ruwayar Jabir ɗan Samura cewa an kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gawar wani da ya kashe kansa, bai sallace shi ba. Ruwayoyin ingantattu ne. Sai dai abin mamaki ne a ce malamin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani a zaure tun yana yaro ya tsaya a nan, domin babin jana'iza na littafin ya bayyana cewa ana yi wa wanda ya kashe kansa salla. Wannan shi ne matsayin Malikiyya da muke bi, kuma shi ne na mafi yawan malamai: a yi masa wanka, a sallace shi, a binne shi cikin Musulmi. Sun fassara ƙin sallar Annabi da cewa tsawatarwa ce daga shugaba, kamar yadda ya taɓa yi wa mai bashi, bai kuma hana sahabbai yin sallar ba. Iyakar abin da za a ciro daga nan shi ne babban malami na iya janyewa. Ba a ciro gorin da ake yi wa uwa, ko fasa auren ƙanwar mamaci, ko yanke masa makoma a bakin shago.

Cikin Sahihu Muslim ɗin dai akwai labarin mutumin da ya yi hijira tare da Ɗufailu ɗan Amru Addausi, ya kamu da ciwo a Madina, ya kasa jurewa, ya yi wa kansa raunin da ya zama ajalinsa. Ɗufailu ya gan shi a mafarki an gafarta masa saboda hijirarsa, sai hannuwansa da ke lulluɓe. Da ya ba Annabi labari, sai Annabi ya roƙa wa hannuwan gafara su ma. Malamai sun kafa hujja da wannan cewa mai wannan aiki bai fita Musulunci ba. Ga kuma ƙa'idar da kowane ɗalibi ya sani, cewa an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe. Ba ni da hurumin cewa duk mai ciwon damuwa ya shiga wannan rukuni, amma mai zargi ma ba shi da hurumin cewa bai shiga ba. Fiƙihunmu ya raba hukuncin aiki da hukuncin mutum tun ƙarnoni da suka wuce. Mu ne muka cakuɗa su, muka kira cakuɗin addini.

Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce ta kwaikwayo, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Tun 1974 David Phillips ya nuna cewa yawan yayata mutuwar wani sananne na iya jawo ƙaruwar irinta. Misalin da ya fi kusa da zancenmu shi ne Robert Enke, mai tsaron gidan Hannover 96 da tawagar Jamus, wanda ya kashe kansa ranar 10 ga Nuwamba 2009 yana da shekara 32. Kusan mutum 40,000 suka cika filin wasa don juyayinsa, kafafen watsa labarai suka yi ta maimaita yadda abin ya faru, kuma masu bincike a Jamus sun samu ƙaruwar mutuwa irin tasa a makonnin da suka biyo baya. Malamin zai ce: ga tausayinku nan. Na yarda cewa ƙawata irin wannan mutuwa haɗari ne, kuma da makaɗi zai yi wa wani ɗan kokowa waƙar da ta mayar da ita jarumtaka, ni ne farkon wanda zai tsaya tare da malamin.

Amma a karanta labarin Enke daga farkonsa. Matarsa Teresa ta bayyana washegari cewa ya yi shekaru yana fama da ciwon damuwa yana ɓoyewa, don tsoron abin da zai rasa idan aka sani. Abin da ya rufe masa baki, tsoron a ce ya gaza, shi ne abin da malamin ke son mu ƙara wa ƙarfi. Kuma abin da ya jawo kwaikwayo bayan mutuwarsa shi ne yayatawa da bayyana hanya, ba jin ƙai ba. Bincike daga Ostiriya (Niederkrotenthaler da sauransu 2010) ya samu akasin haka: labaran mutanen da suka shiga ƙunci suka nemi taimako suka tsira suna tafiya tare da raguwar kashe kai. Irin wannan labari ba zai taɓa fitowa ba a garin da wanda ya tsira ya san cewa idan ya yi magana ya rasa mata da mutunci. Zaɓin da ke gabanmu ya fi biyun da malamin ya ba mu, wato la'anta ko kambamawa. Ana iya riƙe haramcin, a ƙi kambama mamaci, a rufa wa gidansu asiri, sannan a sauƙaƙa wa mai rai ya ce ba shi da lafiya.

Ƴan'uwanmu na tsallaken iyaka sun gwada hanyar tsanani har cikin doka: sashe na 231 na kundin Penal Code na arewacin Nijeriya ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Ba wuya a gane abin da uba zai yi idan ya san kai ɗansa asibiti na iya jawo ƴan sanda. Ghana ta soke irin wannan doka a 2023.

Malamin yakan ce tausaya wa wanda ya faɗi ba halin Damagarawa ba ne, mu jikokin mayaƙa ne. Ni kuwa ina ganin tarihin garin ya ƙaryata shi. Sarki Amadu Kuran Daga ya sha kashi a hannun sojan Faransa a Tirmini a 1899, aka kashe shi a shekarar, amma har yau babu Badamagaren da ke kiran sa rago. Da sunansa ake yi wa garin kirari. Mun san yadda ake girmama wanda aka kayar idan sarki ne. Ɗan talakan da aka kayar a zagayen farko ne muke hana wa wannan.

Abin da nake nema ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Limamanmu su faɗa a huɗuba abin da Risala ta faɗa, haramcin da sallar gaba ɗaya, kada a karanta rabi. Hukumar kokowa da masu horar da ƴan ƙwallo su ɗauki nauyin bibiyar waɗanda aka cire daga zaɓe da waɗanda suka ji rauni, ko da ta hannun tsofaffin ƴan kokowa ne, waɗanda yaro zai ji maganarsu fiye da ta kowa. Ƴan jaridar rediyo su daina bayyana hanya, su daina rataya mutuwa kan dalili guda. Jami'ar André Salifou kuma tana da masana zamantakewa da ɗaliban likita da za su iya fara binciken da zai raba gardamata da malamin da alƙaluma.

Kai kuma mai karatu, idan kana da ƙane ko ɗa da ya daina zuwa atisaye, ya daina cin abinci da mutane, ya soma cewa gara ma babu shi, kada ka ce masa ya zama namiji. Zauna da shi ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Nazarin da Dazzi da abokan aikinsa suka yi a 2014 ya nuna wannan tambaya ba ta dasa tunanin a ran mutum. Idan ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da abin da zai iya cutar da kansa da shi, a yi masa addu'a, kuma a kai shi wurin likita a ranar.