Kabun da Ke Jikin Murjani

Ranar da aka buɗe adudun kakata a gidanmu na Ƙofar Atiku don rabon gado, an sami zare uku na jajayen duwatsun wuya. Tun muna yara muke jin ana kiran su murjani. Da aka kai wa wani tsohon dillali ya yi musu kuɗi, sai ya shafa ƙwaya ɗaya da farce, ya ce gilashi ne. Gwaggona ta ce a watsar da su. Ni na riƙe, domin ina son sanin yadda gilashi ya shekara hamsin yana amsa sunan murjani.

Ƙofar Atiku ɗaya ce daga ƙofofi takwas na birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809, kuma ta irin waɗannan ƙofofi fatake ke shigo da kayan ado. Mata sun san murjani na Bahar Rum, wanda ayari ke ƙetaro Sahara da shi. Sun san tsakiya, sun kuma san mundayen da Masaga na Bida ke narkawa. Duk waɗannan aikin hannu ne mai cin lokaci, saboda haka sai gidan sarauta da na attajirai.

A ƙarni na 19 al'amarin ya sauya. Masu sana'ar gilashi a garin Gablonz na ƙasar Bohemiya, wanda yau ake kira Jablonec a Jamhuriyar Cek, suka ƙware wajen matse gilashi. Sukan gasa sandar gilashi har ta yi laushi, su danne ta da awartaki mai zubi a baki, wani tsinke ya huda rami a lokaci guda. Abin da mai sassaƙa dutse zai yini yana yi, su sai su fitar da ɗaruruwa. 'Yan kasuwarsu sukan tattaro samfurin abin da mutanen Afirka da Indiya ke daraja, a kwaikwaye shi launi da siffa. Ta haka jan gilashi ya iso kasuwanninmu cikin rigar murjani, musamman bayan jirgin ƙasa ya kai Kano a 1911. 'Yar talaka ita ma ta sami abin ratayawa ranar buɗar kai.

Wannan hanyar ƙira ta bar shaida, kuma ita mai fara tara tsofaffin duwatsu zai nema. Inda leɓɓan awartakin suka haɗu akwai siririn kabu da ya zagaye ƙwayar. Ko an goge shi, farce yana jin sa. Idan aka ɗaga ta ga rana, akan ga ƙananan kumfar iska a ciki, abin da ba a samu a dutse. Ƙwayoyin zubi ɗaya sukan fito kamar an tsaga kara, alhali murjani na gaske kowace ƙwaya da halinta. Aikin Bida kuwa naɗa shi ake yi a kan ƙarfe, don haka ba shi da kabu. Roba takan tona kanta da rashin nauyi da rashin sanyi a kunci.

Tsufa ma yana da alama. Zare yakan cinye bakin rami ya yi sulɓi, kuma gogayyar shekaru takan dusashe gefen da ke haɗuwa da maƙwabciya. Wanda aka dirza da yashi don a yaudari baƙo, ko'ina jikinsa yakan dushe bai ɗaya. Bayan wannan sai a duba tsaguwa da ɓantarewa, a ga ko zaren cikakke ne ko an yi masa ciko, a kuma tambayi daga hannun wa ya fito. Kowanne cikin waɗannan yana ɗaga kuɗi ko ya karya shi.

Tun wajen shekarun 1970 fataken Hausawa ke bin ƙauyukan Afirka ta Yamma suna sayen tsofaffin duwatsu, suna kai wa masu tarawa a Turai da Amurka. Can ba a ɗauki gilashin Bohemiya jabu ba. Kayan tarihi ne mai farashinsa. Mu nan, da zarar an ce ba murjani ba ne sai mu sallama shi a kuɗin goro, ko mu bar wa yara su yi wasa.

Zare ukun suna wurina. Na rubuta sunan kakata da unguwarmu a takarda na ɗaure musu, domin wanda zai buɗe adudun bayana ya san abin da ya riƙa kafin ya kira dillali.