Fatsa da Koma a Kogin Kano: Tarihin Kayan Su Tsakanin Kumbotso, Kura da Bunkure

Ƙasar da ke kudu da birnin Kano, daga Kumbotso da Panshekara zuwa Kura, Garun Malam da Bunkure, tana kwance ne a yankin manyan koguna biyu, wato kogin Calawa wanda ke gangarowa daga yamma ta ƙasar Karaye, da kogin Kano wanda ke tasowa daga tsaunukan kudu ta wajen Riruwai ya ratsa dajin Falgore. Kogunan biyu suna haɗuwa a kusa da Tamburawa, daga nan ruwansu ya nufi Wudil da Haɗeja. Kafin shekarun 1970 dukansu kogunan damina ne, domin sukan cika su batse daga Yuli zuwa Satumba, sa'annan da kaka su soma janyewa, har ta kai da bazara ba abin da ke saura sai rairayi da gurabu, wato wurare masu zurfi inda ruwa ke tsayawa bayan kogi ya yanke. Wannan ɗabi'a ta ruwan ita ce ta tsara yadda ake su a yankin, ita ce kuma ta yanke hukunci a kan irin kayan da mai neman kifi zai riƙe a hannunsa.

Su, a ma'anarsa ta asali, aikin gayya ne na rani. Idan ruwa ya ja baya kifi ya taru a gurbi, sai a hana kowa taɓa wurin har sai ranar da sarkin ruwa, wanda shi ne shugaban masunta kuma mai kula da ƙa'idojin kogi, ya sa tare da amincewar dagaci, a yi shela a kasuwannin ƙauyuka, maza su hallara da sassafe. Babban makamin wannan rana shi ne koma, wadda wasu ke kira homa, raga ce da ake ɗaurewa a jikin tanƙwararren icce, masunci ya riƙe ɗaya a kowane hannu ya haɗa bakinsu a ƙarƙashin ruwa kamar mai tafi. A inda ruwa ya fi ƙarfin tsayuwa sai a hau gora, ƙaton duma mai ɗan baki a sama, wanda mutum ke kifa cikinsa a kai yana iyo, yana kuma jefa abin da ya kama a ciki. Irin wannan su ne ya shahara a duniya ta hanyar bikin Argungu, wanda ake danganta farkonsa na zamani da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, sai dai abin da Kabawa suka mayar da shi biki, a ƙasar Kano ya tsaya a matsayin hidimar ƙauye ta samun miya. Da ruwa ya ƙafe ƙurmus kuwa, akwai sauran kifi guda da ake nema da fartanya, wato gaiwa, wadda ke binne kanta a cikin laka ta yi kwanan rani har ruwa ya dawo.

A cikin wannan tsari, fatsa ita ce ƙaramar 'yar'uwa. Kalmar tana nufin kamun kifi da ƙugiya guda da zare da sanda, tana kuma nufin kayan aikin kansa. Sandar kan kasance gora, wato itacen nan mai gaɓa-gaɓa da rami a ciki (rubutu ya haɗa sunansa da na duman iyo, amma lafazi ya raba su), ko reshen tukurwa, ko kuma kowace miƙaƙƙiyar tsumagiya mai lanƙwasa ba tare da karyewa ba. Ana ɗaure zare a siririn bakinta, a saƙala ɗan guntun kara ko totuwa a tsakiyar zaren don ya yi ta yawo a saman ruwa ya nuna lokacin da kifi ya taɓa, a ƙasa kuma a sa ɗan nauyi kaɗan kafin ƙugiya. Abin koto, wato abincin da ake yaudarar kifi da shi, bai wuce tana da aka tono a gindin randa ko bakin fadama ba, ko gara, ko fara, ko ɗan curin tuwo da aka murza da dusa. Masunta na gado ba su ɗauki mai fatsa a matsayin abokin sana'a ba, saboda kifi ɗai-ɗai yake kamawa, kuma sarkin ruwa bai cika damuwa da shi ba ko da a gurbin da aka killace. Ko karin maganar da ke cewa kifi na ganinka mai jar koma, da mai koma take, domin shi ne kifi ke tsoro. Amma da fatsa yaro ke fara sanin halin ruwa, inda kifi ke laɓewa, lokacin da yake ci, da bambancin taɓawar karfasa mai ɗan tsattsaga da fizgar tarwaɗa wadda ke nutsar da karan gaba ɗaya.

Abin lura a tarihin fatsa shi ne a ƙauye sandar ba ta taɓa zama abin saye ba, kuɗin duka a ƙugiya da zare yake. A da, maƙeran gari ne ke ƙera ƙugiya daga guntun ƙarfe, su fitar mata da ɗan kunne a kusa da tsini don kada ta zame daga bakin kifi, zaren kuwa na auduga ne da aka murɗa ko na rama, kuma dukansu suna ruɓewa idan suka daɗe a jiƙe. Abubuwa biyu daga ƙetare suka sauya wannan. Na farko ƙugiyar inji, wadda kamfanin Mustad na ƙasar Norwe ya soma bugawa da na'ura a 1877, ta kuma yaɗu a kasuwannin Afirka ta Yamma ta hannun kamfanonin ciniki na Turawa, musamman bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Da ita ne aka san ƙugiya da lamba, inda babbar lamba ke nufin ƙaramar ƙugiya. Na biyu zaren nailan, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a 1935, ya kuma mamaye sana'ar su a Nijeriya a shekarun 1950 da 1960. Nailan ba ya ruɓewa, kifi ba ya ganinsa sosai a ruwa, kuma ana sayar da shi da awo, ta yadda yaro mai 'yan kwabbai zai iya yankar abin da ya ishe shi. Saƙar raga da zaren auduga, wadda tsofaffin masunta ke yi a gindin bishiya da rani, ta mutu a cikin ƙarni guda ba tare da an yi mata makoki ba.

Babban juyi ya zo ne da madatsun ruwa na zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. An fara da ƙaramar madatsar Bagauda, wadda ta ba da ruwan gwajin noman rani a Kadawa, sa'annan aka gina ta Tiga a kan kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, a daidai lokacin da fari ke cin ƙasashen Sahel. Tafkin Tiga ya mamaye fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 178, kuma daga cikinsa ake sako ruwa ya bi ta tafkin Ruwan Kanya ya shiga babbar hanyar ruwa, wadda ta rabu biyu, reshen yamma ya nufi Kura da Garun Malam, na gabas ya nufi Bunkure. Kashin farko na shirin noman ranin an tsara shi ne a kan hekta 22,000, ya kuma koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are bayan kafa ta a 1976. A 1992 aka kammala madatsar Calawa a Karaye, ta yi wa kogin Calawa abin da Tiga ta yi wa kogin Kano. Masu tsara aikin alkama, shinkafa da tumatir ne a gabansu, kifi bai shiga lissafinsu sosai ba, amma ruwan da bai ƙafewa ya kawo nasa mutanen.

Tafki mai zurfi da faɗi ya fi ƙarfin koma, don haka masunta baƙi daga ƙasar Kabi, Yawuri da Haɗeja suka zo da kwalekwale da kayan da suka dace da shi: kalli, ragar da ake shimfiɗawa a tsaye cikin ruwa kifi ya maƙale a idonta, birgi, wadda ake wurgawa ta buɗe kamar laima ta nutse da nauyin dalmar bakinta, taru, doguwar raga da mutane da yawa ke ja zuwa gaɓa, da mamari, doguwar igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi da ake kwana da ita a ruwa. Daga baya gura ta shigo, tarkon raga mai siffar kwando da masuntan ƙasar Mali suka yaɗa. Su na gayya ya ja baya, domin gurabun da ake jira su rage ruwa sun daina ragewa yadda aka saba. Fatsa kuwa sai ta sami sabuwar rayuwa da ba wanda ya shirya mata. Hanyoyin ruwa na siminti, da ƙananan tafkunan da ke tara ruwa da dare don a raba shi ga gonaki da safe, sun kai kifi har bakin ƙofar manomi. A wajen ƙofofin ƙarfe da ake murɗawa don sakin ruwa, inda igiyar ruwa ke juyawa ta yi kumfa, ana ganin yara da magidanta zaune a kan dakalin siminti bayan la'asar, kowa da gwangwanin tana a gefensa, da siririn reshe da yake zura kifin da ya kama ta kunne zuwa baki. Wannan zama yana da farashinsa, domin katantanwar da ke ɗauke da cutar tsargiya tana son ruwa mai tafiya a hankali, kuma cutar ta daɗe tana addabar yaran yankunan noman rani.

Idan aka kwatanta da ƙasashen da fatsa ta zama wasan masu hali, sai bambancin ya fito fili. A kogunan arewa maso yammacin Amurka da Kanada, irin su Kolambiya, ana farautar kifin salmon da ɗan'uwansa stilhed, ma'ana mai kan ƙarfe, waɗanda ake ƙyanƙyashewa a kogi su girma a teku, su komo kogin haihuwarsu don yin ƙwai. Kifaye ne masu ƙarfi da gudu, wasunsu kan haura kilo goma, a cikin ruwa mai sanyi da faɗi, shi ya sa sabon shiga a can ke fara da tambayar wace sanda zai saya. Abin da aka saba ba shi shawara a kai shi ne sanda mai tsawon ƙafa takwas da rabi zuwa goma, mai matsakaicin tauri, wadda ke rabuwa gida biyu, tare da faifan naɗe zare da ke sakin zaren a hankali idan kifi ya fizga. Sandunan zaren gilashi, waɗanda suka bayyana a ƙarshen shekarun 1940, sun fi araha da jure wahala, na garafayit kuma, da suka shigo kasuwa a 1973, sun fi sauƙin nauyi da saurin isar da motsin kifi ga hannu amma sun fi tsada da saurin karyewa, shi ya sa mai ƙaramin ƙarfi kan zaɓi wadda aka gauraya biyun, kamar Ugly Stik da ta fito a 1976. Su ma can madatsu sun taɓa kifinsu, sai dai ta wata fuska: madatsar Grand Coulee, da aka kammala a farkon shekarun 1940 ba tare da hanyar hawan kifi ba, ta toshe wa salmon saman kogin Kolambiya gaba ɗaya.

A hanyar ruwan Kura, wadda za a iya jefa dutse daga wannan gaɓa zuwa waccan, doguwar jifa ba ta da amfani, kuma karfasa, kawara ko ƙurungu ba su kai nauyin da zai buƙaci faifai ba. Saboda haka zaɓin mai koyo a nan ya tsaya a kan abu uku: ƙaramar ƙugiya da siririn zare idan karfasa yake nema da rana, babbar ƙugiya da zare mai kauri idan tarwaɗa yake jira da magariba, da gora busasshiya wadda ba ta tsage ba. Sandunan ƙasar Sin masu shigewa cikin juna suna samuwa a kasuwannin birni, ma'aikata da 'yan kasuwa masu fita shaƙatawa Tiga ko Bagauda sukan saye su, kuma suna da hujja a babban tafki inda giwan ruwa ko tsage mai kaifin haƙori ke iya tsinke zare ko fizge sandar kara daga hannu. A magudanar gona kuwa ƙawa ce kawai, kuma idan bakinta ya karye ba mai gyara ta a ƙauye.

Ɓangaren Kumbotso ya bi wata hanya dabam. A bakin kogin Calawa ne aka kafa gidan ruwan famfo na farko na Kano a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, amma daga baya unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Calawa, musamman majemun zamani da masaƙu, suka riƙa zubar da dagwalonsu yana gangarawa kogin, abin da binciken jami'o'in Kano ya sha nunawa a ruwan da kuma naman kifinsa. Ga shi kuma wasu sun maye gurbin magimfa, ganyen da ake dakawa a zuba a gurbi kifi ya bugu, da maganin ƙwari irin su Gamalin, wanda ke kashe babba da ƙarami. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin gida ta 1992 ta haramta guba da nakiya da wutar lantarki, sai dai jami'an da za su tsare ta ba su kai yawan gaɓar kogi ba, kuma ikon sarkin ruwa, wanda a da kalmarsa ta isa, ya ragu tun da ruwan ya koma mallakar hukuma.

Faɗuwar darajar naira daga 1986 ta sa raga da ƙugiya, waɗanda galibi daga waje ake shigo da su, suka yi tsada, har wasu suka koma jan ƙananan kifi da gidan sauro. A shekarun baya-bayan nan kiwon tarwaɗa a tankunan siminti da na roba ya bazu a unguwannin Kumbotso da bakin hanyar Zariya, kuma da yawa daga cikin ɗanyen kifin da ake gasawa da dare a birni daga can yake fitowa, inda ake kwashe shi da kwando a auna a sikeli. A Kura da Bunkure kuwa, duk lokacin da aka rufe ruwa don yashe hanyoyi, yara kan ajiye fatsa su shiga tsakiyar magudana da kwanuka da tsofaffin gidajen sauro, suna tsintar kifi a cikin 'yan kududdufan da suka rage a ƙasan siminti, har ranar da za a sake buɗe ƙofa daga Ruwan Kanya.