Lansir: Tarihin Ɗan Yajin Da Ke Hawa Hanci

Idan hunturu ya kama, 'yan lambu suka fara shigo da kaya kasuwa, ba a rasa ganin lansir ɗauri-ɗauri kusa da latas da karas. Mata su saya su yayyanka, a zuba ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa a kwaɗa, a ci ana jan hanci saboda ɗan yajin nan da ke hawa ka. Yawancinmu iyakar saninmu da shi ke nan. To amma ka leƙa shagon masu maganin Musulunci, za ka tarar da 'ya'yansa jajaye a ƙulle cikin leda da sunan habbatur rashad, an jera masa cututtuka kamar an buɗe littafin asibiti: karaya, asma, ciwon suga, ƙarancin jini, ƙarin nono, kai har da abin da ba a faɗa a gaban yara. Wannan jeri ba jiya aka fara shi ba, ya kusa shekara dubu biyu ana kwafarsa daga littafi zuwa littafi. Sai dai a hanya wani abu ya zube, kuma shi nake so mu bi sawunsa, ya kai mai karatu.

Tun ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa (AS) wani Bagirke mai suna Zenofon ya rubuta labarin tarbiyyar Sarki Sairus na Farisa, inda ya nuna cewa yaran Farisa idan za su wurin koyo, gurasa suke tahowa da ita daga gida, mahaɗinta lansir, sai ɗan moɗa na ɗiban ruwa a kogi. Wato abincin horo ne, na koya wa yaro juriya. Rumawa kuwa da yajin suka san shi, domin marubucinsu Filini ya bayyana cewa sunan da suke kiransa ya samo asali ne daga azabar da yake gana wa hanci. Duk wanda ya taɓa cika baki da kwaɗon lansir ya san ba ƙarya ya yi ba.

Wanda ya fara tsara maganar maganinsa yadda ta zama abin kwafa shi ne Diyoskoridis, likitan Girka na ƙarni na farko Miladiyya. A cikin kundinsa na magunguna ya nuna cewa na ƙasar Babila ya fi kyau, kuma 'ya'yan suna da zafi da kaifi, suna fitar da tsutsar ciki, suna rage kumburin saifa, suna motsa sha'awa. Bai tsaya nan ba. A wuri guda ya ce ba sa yi wa tumbi daɗi, suna saukar da jinin al'ada, kuma suna kashe ɗan tayi. Ka riƙe wannan, domin shi ne kayan da ya faɗi daga kan jaki.

A Bagadaza, zamanin Halifa Mutawakkil wanda ya yi mulki daga 847 zuwa 861, Isɗifan ɗan Basil ya juya kundin zuwa Larabci, Hunainu ɗan Ishaƙ ya duba ya gyara. Daga nan likitocin Musulmi suka ɗora, suna kiran tsiron hurf. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya ware masa babi a sashen magani na Zadul Ma'ad. Ya kawo bayanin Abu Hanifa Addinawari cewa hurf shi ne abin da gama-garin mutane ke kira rashad, kuma shi ne suffa'u da ya zo a wani hadisi tare da sabir, wato busasshen ruwan alobera mai ɗaci. Hadisin yana cikin Marasil na Abu Dawud, ma'ana akwai yankewa a isnadinsa, kuma malaman hadisi sun raunana shi. Na faɗi haka ne saboda masu talla kan nuna kamar duk jerin amfanin daga bakin Manzo (SAW) ya fito, alhali shi kansa Ibnul Ƙayyim bai ɓoye ba, a fili ya ambaci Jalinus likitan Girka wanda ya kwatanta ƙarfin 'ya'yan da na ƙwayar mastad. Shi ma ya lissafa saukar da jinin al'ada cikin ayyukansa.

Mu nan ƙasar Hausa, wani likita ɗan Sikotilan mai suna Dalziel ya shigar da shi littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa wanda aka buga a 1916. Ya rubuta shi labsur ko lausur, ya ce ana nomansa, ana kuma sayar da 'ya'yan a matsayin magani da sunan algarif. Kunnen Bahaushe dai ya san irin wannan suna, ɗan ɗakin su alkama da albasa ne.

Duk waɗannan magabata harshe da hanci ne ma'auninsu. Sun ɗanɗana sun ji zafi, suka ce tsiro ne mai zafi. Mene ne zafin? Sai a ƙarni na 19 aka soma samun amsa, kuma ba a tashi ɗaya ba. Wajen 1840 Bafaranshe Bussy ya gano cewa a cikin ƙwayar mastad akwai wani sinadari mai aikin mabuɗi, wanda yau ake kira mairosinas. A 1874 babban masanin kimiyyar haɗa sinadarai na Balin, Hofmann, ya turara lansir ya tatso mansa, ya sami wani ruwa da ake kira benzil sayanaid. Shekara 25 bayan haka, a 1899, wani Bajamushen mai suna Gadamer ya nuna cewa ai man yajin ba a sake yake cikin tsiron ba, a ɗaure yake da sukari da farar wuta cikin wani sinadari da ya raɗa wa suna gulukoturofiyolin.

Ga yadda abin yake, kuma a ganina nan ne labarin ya fi daɗi. Tsiron yana ajiye wannan ɗaurarren sinadari a ɗaki guda, mabuɗin a wani ɗakin, kamar mai gida mai hankali da ya raba ashana da kananzir. Muddin ganyen na nan lafiya ba abin da zai faru, shi ya sa ɗaurin lansir ba ya wani ƙauri a kan tire. Da zarar haƙori ko wuƙa ko taɓarya ta farfasa shi, sai su haɗu, nan take man yajin ya tashi. Ba don kwaɗonmu ya tanadi wannan ba, makaminsa ne na korar ƙwari da tsutsa. Ka ga ke nan maganar tsofaffi ta kashe tsutsar ciki tana da tushe, domin a kwalbar gwaji wannan mai yana kashe ƙwayoyin cuta iri-iri. Amma kwalba daban, cikin mutum daban.

Aikin ya ci gaba. A 1956 Ettlinger da Lundeen a Amurka suka gyara fahimtar yadda ƙirar waɗannan sinadarai take, a shekara mai bi suka haɗa na lansir da hannunsu a ɗakin gwaji. A 1959 Gmelin da Virtanen a ƙasar Finlan suka gano cewa lansir yana da hanya ta uku ta fasa sinadarin, wato abin da zai fito ya danganta da yanayin da aka daka shi. A 1998 kuma wasu masana a Jamus suka ware sinadarai bakwai na daban daga 'ya'yan.

Bangaren abinci ba shi da rikici sosai. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayar mai ne, wani ɗaya cikin huɗun furotin, kuma wajen sulusin man irin omega-3 ne da ake yabo. Idan aka jiƙa ta sai ta kumbura ta yi yauƙi, wannan yauƙin ne ke sassauta ciki. Ganyen kuwa, giram 100 na ɗauke da bitamin C miligiram 69, ya ɗara lemon zaƙi. Inda gizo ke saƙar shi ne sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Tsohon jadawalin abincin Indiya ya rubuta miligiram 100 cikin giram 100 na ƙwayar, lambar ta yi ta yawo duniya har yau ana kafa hujja da ita. Da cibiyar binciken abinci ta Haidarabad ta sake awo ta fitar da sabon jadawali a 2017, abin bai kai miligiram 20 ba. Har yanzu ya fi na wake, amma ina 100 ina 20?

Sauran da'awar fa? Maganar ɗori, wadda Larabawa suka fi riƙe ta, a 2007 wani likita a Jidda ya gwada ta a kan zomaye 'yan ƙalilan, ya ga ƙashin waɗanda aka ba 'ya'yan ya fi saurin kamawa. Ta ciwon suga, a kan ɓeraye aka gwada a Maroko a 2005. Ta asma ce ta kai ga mutane, a Indiya a 2006, mutum 30 na tsawon mako huɗu, kuma ba a ware wasu da ba a ba su ba balle a kwatanta. Wannan somin taɓi ne. Bai kai a ce wa mai karaya ya fasa zuwa hoton ƙashi ba, ko mai suga ya ajiye allurarsa.

Abin mamaki, kimiyya ta ƙara wa gargaɗin tsofaffi nauyi ne maimakon ta share shi. Lansir dangin kabeji ne, kuma tun 1928 masu bincike a Baltimo ta Amurka suka ga zomayen da aka ɗora a kan kabeji suna fitar da maƙoƙo. Sinadaran wannan dangi suna iya hana jiki cin moriyar aidin, musamman ga wanda dama bai samun gishiri mai aidin kuma ya lizimci sha da yawa kullum. Ganyen yana da bitamin K fiye da maikurogiram 500 cikin giram 100, wanda ke karya aikin Warfarin, maganin tsinka jini da ake ba masu ciwon zuciya, don haka mai shan sa ya gaya wa likitansa kafin ya mayar da kwaɗon lansir abincin kullum.

Sai babbar magana, ta mai juna biyu. A Indiya, inda ake kiran 'ya'yan halim ko alib, ana dunƙula su da kwakwa da mazarƙwaila a ba mace, amma bayan ta sauka ne, don nono da mayar da ƙarfi. Mai ciki hana ta ake yi. Abin da Diyoskoridis ya rubuta ke nan, abin da littattafan Larabci suka nuna ke nan da suka ce yana saukar da jini. Mu kuwa sai a ba amarya garinsa cikin kayan gyara a ce ta sha da madara safe da yamma, ba wanda ya tambaye ta yaushe rabonta da al'ada, ledar kuma ba a rubuta komai a jikinta ba sai suna da lambar waya.