Amsar Tambayarku: Me Ya Sa Maleji Ke Ƙarya In An Sake Taya?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar rake daga Makarfi, ya aiko da tambaya. Ya ce tun da ya sa wa motarsa manyan tayu saboda hanyoyin gonakin Kudan da Ikara, sai ya ga maleji yana rage nisan tafiya. Shin lalacewa ya yi?

To malam, malejinka lafiyarsa lau. Bari mu ɗan koma baya. A zamanin Turawa da mil ake auna hanya, shi ya sa har yau akwai unguwar Mil Tara a Kano. A 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, a cikin waɗannan shekarun kuma aka bar mil aka kama kilomita. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, kowace 504 tana fitowa da tayar da aka auna malejinta da ita.

Shi maleji, wanda wani Bajamushe, Otto Schulze, ya yi wa rajista a 1902, ba ya ganin hanya. Juyin taya kawai yake ƙirgawa. A tsoffin motoci waya ce ke kawo masa labari daga giyabos, a sababbi kuwa na'urar lantarki ce.

Matsalar ta yawaita ne bayan 1986, lokacin da tsarin SAP ya karya darajar naira, jama'a suka koma ga motoci da tayun gwanjo. Daga baya Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop na Legas ya biyo baya. Sai ya zama abin da ka samu wajen mai faci, shi za ka ɗaura.

Ga lissafin. Taya mai lamba 185/65 R14, juyinta ɗaya ya kai mita 1.87. Mai lamba 195/65 R15 kuwa mita 1.99. Ka ga an sami ƙarin kashi 6 cikin 100. Wato in allura ta nuna 90, wanda shi ne iyakar gudun motar haya a babbar hanya, kai kana kan 95 ne da ɗoriya. In maleji ya ce ka yi kilomita 100, ainihi 106 ka ci. In ƙaramar taya ka sa, sai abin ya juya.

Haɗarin shi ne, ka sauko Tashar Yari da lodin rake kana zaton gudunka daidai ne, alhali birki na bukatar ƙarin tazara. Lokacin juyen mai ma zai wuce ba ka sani ba, lissafin fetur ɗinka kuma ya rikice.

Shawararmu, duba lambar tayar da kamfani ya rubuta a jikin ƙofar direba ko littafin mota. In dole ce ta sa ka ƙara girma, to ka riƙa rage ƙafa, don rigakafi ya fi magani.

Da fatan ka gamsu. Allah ya kiyaye hanya, amin.