Bin Sawun Dakta Barau Dikko a Takarda da Bakin Dattawa

Dakta Russell Aliyu Barau Dikko, wanda aka haifa a 1912 ya rasu a 1977, shi ne ɗan Arewacin Najeriya na farko da ya zama likita. Asibitin koyarwa na Kaduna yana ɗauke da sunansa. Amma mai neman rubuta tarihinsa zai tarar aikinsa a fili yake cikin takardu, asalin gidansu kuwa sai an tona.

Dalilin haka yana ga irin takardun da Turawan mulki suka bari. Gwamnati ta damu da ranar ɗaukar ma'aikaci, da albashinsa, da inda aka tura shi, da hutunsa; ba ruwanta da kakansa. Daga irin waɗannan bayanai ake iya jera matakan da Dikko ya taka: makarantar mishan ta CMS a Zariya, Kwalejin Sarki ta Legas, Jami'ar Birmingham a Ingila, sannan aikin gwamnati a 1940. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, nan ake fara neman fayilolin lardin Zariya da na sashen lafiya. Rajistar likitoci ta Ingila, wadda a da ake bugawa duk shekara, tana nuna shaidar karatun likita da shekarar da aka yi masa rajista.

Dole mai bincike ya san yanayin da aka rubuta fayilolin. Tun 1902 aka kafa rukunin likitocin gwamnati na Afirka ta Yamma, aka keɓe shi ga Turawa zalla. Likita baƙar fata, ko da jami'a ɗaya suka yi da Bature, a wani jeri na dabam ake sa shi, da albashi ƙasa da na takwaransa. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka jinkirin ƙarin girma gazawar mutum ce, alhali tsari ne.

Batun iyali shi ya fi wuya, shi ya fi kuma daɗin bi. Dikko Bafulatani ne Kirista, ya tashi cikin 'yar al'ummar da ta taru a gefen Dakta Walter Miller, likitan mishan da ya zo tare da ayarin Bishop Tugwell a 1900, ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905. Al'ummar ba tushe ɗaya gare ta ba. Akwai yaran da aka kawo makarantar Miller daga gidaje dabam-dabam, akwai kuma zuriyar Isawa, 'yan wata ƙungiyar addini mai jingina kanta ga Annabi Isa, waɗanda suka zauna a Gimi kafin ciwon barci ya ɗaiɗaita ƙauyen. Kuskure ne a haɗa kowane gida a jingina shi ga Isawa. Kowace zuriya sai an bi salsalarta ita kaɗai. Littattafan baftisma da na aure na coci, da wasiƙun 'yan mishan da ke ajiye a Jami'ar Birmingham, su ne ke kawo sunayen iyaye. Sai dai ɗan mishan yakan rubuta abin da zai faranta wa masu tallafa masa a Ingila, don haka maganarsa na bukatar shaida ta biyu.

Ko wurin haihuwa na bukatar lura. Rubuce-rubuce da yawa na cewa a Wusasa aka haife shi, alhali mishan ba ta bar birnin Zariya ta koma Wusasa ba sai wajen 1929, lokacin Dikko ya zama saurayi. Sau da yawa garin da zuriya ta shahara da shi yakan maye gurbin inda aka binne cibiya. A nan bakin dattawa ke shigowa: sun san wanda ya auri wance, da gidan da aka fito, ko da shekaru sun ruɗe musu. Takarda ta riƙe shekara, baki ya riƙe dangantaka, kowanne yana gyara ɗan'uwansa.

Rayuwarsa ta siyasa ta fi sauƙin bi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta shaidi zamanin da aka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda Dikko ya zama shugabanta a taron Kaduna na 1949. Da ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, ya janye saboda shi ma'aikacin gwamnati ne. A 1967 gwamnatin Janar Gowon ta naɗa shi kwamishinan ma'adinai da lantarki na tarayya, daga baya ya riƙe sufuri.