Gona a Matsayin Makarantar Ƙarfi: Waiwaye Kan Horon 'Yan Kokawa da 'Yan Dambe

A shekarar 1824 Baturen nan Kilafatan, wanda ya kira kansa Abdullahi, ya nemi a nuna masa dambe a Kano. Waɗanda suka amsa kiran mahauta ne, suka zo da makaɗansu. Ya bayyana yadda ake naɗe hannu da yadda ake kai naushi, amma abin da ya fi damun wannan maƙala shi ne abin da ba a gani a fage, wato inda ƙarfin ya samo asali.

A ƙasar Hausa ta dauri aikin yau da kullum ne ke horar da ɗan wasa. Saurayi yakan fara da sassabe, ya shiga huɗa da garma, ya yi noman farko da maimai yana duƙe tun hantsi har azahar, sa'an nan da kaka ya ɗauki dammunan gero zuwa rumbu. Duk wanda ya lura zai ga cewa motsin huɗa shi ne motsin kokawa: a kafa dugadugai, a saki gwiwa, a ɗago nauyi da ƙugu da cinya. Mahauci kuwa kayar da sa da riƙe shi kullum ya ishe shi. Nauyin kuma ba a aza wa yaro shi gaba ɗaya. Ana soma ba shi 'yar fartanya da kunya biyu ko uku, sai an ga ƙashinsa ya yi ƙwari a miƙa masa garma.

Wannan ƙari na sannu-sannu shi ne ƙa'idar da likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, ya tsara a 1945, sa'ad da yake jinyar sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu: a ɗaga nauyin da za a iya maimaitawa sau 10, idan ya yi sauƙi a ƙara. Haka nan rarraba shekara zuwa lokacin gina jiki da lokacin gasa, wanda Matveyev na Rasha ya yi bayaninsa a shekarun 1960, manomi ya riga ya san shi, domin damina ta aiki ce, kaka ta kokawa, lokacin da sabon hatsi ya shigo. Ban ce Bahaushe ya rubuta ka'ida ba. Yanayi ne ya tilasta masa, kuma wanda ya karye a hanya babu mai lissafinsa.

Sauyi ya zo da wasannin suka koma birni. Jamhuriyar Nijar ta soma gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya yi nasara, daga nan kokawa ta zama ta jihohi da masu horarwa. A Nijeriya gidajen dambe sun raba wasan da kaka, ana yinsa rani da damina. Ɗan damben da bai taɓa huɗa ba dole a nema masa madadin garma, kuma a nan mai horarwa kan yi kuskure: sai ya zaunar da shi a kan benci yana kumbura damtse, alhali naushi daga ƙafa yake tasowa, ya bi ta ƙugu kafin ya kai hannu. Hutun da damina ke ba hannun da ya sha naɗi shi ma ya tafi, sai wanda mai horarwa ya ga dama ya ware.