Wasa Ma Gado Ne a Ƙasar Hausa

Duk wanda ya zauna a makarantar nan tamu ba zai manta da ƙararrawar bayan la'asar ba, wadda ke kora mu filin wasa ko muna so ko ba mu so. Ni dai ranar da na fara sa gajeren wando sai da na waiga ko wani ɗan garinmu yana kallona, domin a gidanmu ɗan malam ba ya tsalle-tsalle a bainar jama'a. Wannan kunya ce ta sa na bi diddigin al'amarin.

A zamanin da, wasa gado ne kamar sana'a. Dambe na mahauta ne, waɗanda kan zaga gari-gari da kaka, kuma duk sunan da Shago ya yi a bakin Ɗan Anace bai sa attajiri ya yarda ɗansa ya ɗaure hannu ba. Kokawa ta samarin manoma ce, langa ta yara a dandali, sukuwa kuwa ta gidan sarauta. Mutum ba ya zaɓar wasa, gidansu ke zaɓa masa.

Da Turawa suka zo, sai aka ƙara sababbin wasanni a kan tsohon rabo. A Kwalejin Katsina, wadda aka yi bikin buɗewa a 1922, an koya wa ɗalibai kurket da fayif, wato ƙwallon da ake bugawa da tafin hannu a jikin bango. Sardauna Ahmadu Bello, Allah ya jiƙansa, ya fita daga can a 1931, bai kuma bar fayif ba har yana Firimiya. Ƙwallon dawaki ta sami gindin zama a fadar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, ɗansa Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya shahara a kanta. To, amma wanda ba shi da doki fa? Sai kallo.

Tamaula ce wasan talaka, sai dai ta barikin soja da unguwannin ma'aikatan jirgin ƙasa ta yaɗu, shi ya sa iyayenmu suka ɗauke ta abin 'yan bariki. A shekarar da Raccah Rovers ta Kano ta zama zakaran ƙasa, wato 1978, malamin wasanninmu ya zaɓe ni zuwa gasar jiha. Mahaifina ya aiko da cewa karatu ya turo ni, ba shashanci ba. Ba mugunta ya yi mini ba, abin da ya tarar ke nan. Sai da Tijjani Babangida da Garba Lawal suka dawo da zinariya daga Atlanta a 1996, sannan iyaye da yawa suka fara sassautawa.

A wannan gasa ta Atlanta ne Chioma Ajunwa ta ci zinariya a dogon tsalle, na kuwa tuna da ƙanwata, wadda duk unguwarmu ba mai kamo ta a guje, amma ba ta taɓa taka filin makaranta ba. Maganar sutura, da rashin killataccen fili, da rashin malamar wasa, da auren wuri, su suka rufe wa 'yan mata ƙofa.

Jama'a, yau mu ne iyaye da kakanni. Katange fili da ɗaukar malama da ɗinka kayan wasa masu rufe jiki ba su fi ƙarfin ƙungiyarmu ba, ina kuma roƙon a sa wannan cikin abin da za mu tattauna a taro mai zuwa. Jikata ta ce tana son shiga tsere, na kuwa saya mata takalmi. Allah ya bar zumunci, amin.